Kuskure Nawa Mai Karatu Zai Iya Yafe wa Littafi?

Duk wanda ya taɓa aiki a harkar ɗab'i ya san cewa babu maɗaba'ar da za ta iya rantse wa mai saye cewa littafin da ta fitar ba shi da kuskure ko ɗaya. Littafi mai shafi 300 yakan ƙunshi kalmomi kusan dubu 80, haruffansa kuma su haura dubu 400, kuma kowane harafi daga cikinsu wuri ne da hannu zai iya zamewa ko ido ya tsallake. Saboda haka tambayar da ta dace a yi ita ce, ina iyakar haƙurin mai karatu, kuma mene ne yake sa wani kuskure ya wuce ba a damu da shi ba, wani kuma ya zubar da mutuncin littafi gaba ɗaya? Wasu sukan so a ba su adadi, a ce kuskure kaza a cikin kalmomi kaza shi ne abin da za a lamunta. A ganina adadi ba ya warware wannan batu, domin haƙurin mai karatu yana bin darajar da ya bai wa rubutun da ke hannunsa ne, kuma idan aka bi wannan zaren za a tarar cewa yawan haƙurin da masu karanta littattafan Hausa na boko suke nunawa abu ne da ya kamata ya dame mu.

Yana da kyau a fara da dalilin da ya sa kuskure yake tsira daga idon masu dubawa tun farko. Wanda ya ƙware da karatu ba ya bin haruffa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ɗan aji ɗaya yake yi. Idonsa tsalle yake yi a kan layi, yana tsayawa a wasu kalmomi, yana ƙetare gajerun kalmomi irin su da, na, ya, a, ƙwaƙwalwa kuma tana cike gurbin da abin da take sa ran gani. Shi ya sa kalmar da aka maimaita sau biyu, ɗaya a ƙarshen layi ɗaya a farkon na biye, take iya wucewa ta gaban mutum biyar ba wanda ya gan ta. Marubuci kuwa shi ne mafi rauni wajen duba aikinsa, saboda ya riga ya san abin da yake nufin faɗa, don haka abin da ke cikin kansa yake karantawa ko da shafin yana ɗauke da wani abu dabam. Wannan ne ya sa kamfanonin ɗab'i na gaske suke raba aikin hannu-hannu: akwai editan da yake duba tsari da ma'ana, akwai mai tace harshe da ƙa'idojin rubutu, sannan bayan an tsara shafuka a fitar da bugun gwaji a miƙa wa wani wanda bai taɓa ganin rubutun ba, ya bi shi a hankali da alƙalami a hannu. Ita wannan ɗabi'a ta ido da take wahalar da mai dubawa ita ce kuma take sauƙaƙa wa mai karatu, domin mafi yawan ƙananan kurakurai ba ya ma ganin su, balle ya yafe ko ya ƙi yafewa.

Matsala takan fara ne daga kuskuren da ya gani, wanda ya tsayar da shi. Wanda yake cin shinkafa da wake ya tauna tsakuwa sau ɗaya zai iya tofarwa ya ci gaba, amma daga nan taunarsa ta canza, kowace loma da ɗari-ɗari zai kai ta baki, kuma idan ya sake tauna ta biyu da ta uku a kusa da juna, zai ture kwanon ko da yana jin yunwa. Haka mai karatu yake. Abin da kuskure yake ci shi ne amincewa. Daga lokacin da mutum ya gane cewa ba a duba littafin da kyau ba, sai ya koma yana karatu yana gadi, yana tambayar kansa ko shekarar da aka ambata daidai ce, ko sunan da aka rubuta haka yake, ko jimlar da ta yi masa nauyi laifin fahimtarsa ne ko laifin mai bugawa. Don haka kurakurai goma da suka warwatsu a cikin shafi 300 sun fi sauƙin yafewa a kan uku da suka taru a shafin farko, kuma kuskure a bango ko a take ko a sunan marubuci ya fi kowanne muni, domin nan ne wurin da kowa ya san an fi dubawa, idan ya kuɓuce a nan to ba a san abin da ke ciki ba.

Tarihin ɗab'i a Turai yana da misalan da suka nuna cewa nauyin kuskure ba ya bin girmansa. A shekarar 1631 a birnin Landan, masu buga wa sarki littattafai, Robert Barker da Martin Lucas, sun fitar da bugun Baibul wanda a cikinsa kalmar hani mai haruffa uku kacal ta faɗi daga ɗaya daga cikin Dokoki Goma, har dokar da ta hana zina ta koma kamar umurni da aikata ta. Hukuma ta ci su tarar fam 300, kuɗi mai yawan gaske a wancan zamani, ta ƙwace musu lasisi, aka kuma lalata mafi yawan kwafen da aka buga. A shekarar 2010 reshen kamfanin Penguin na Ostireliya ya lalata kwafe 7,000 na wani littafin girke-girke, saboda a wuri guda, inda ake nufin a ce a zuba niƙaƙƙen baƙin masoro, sai kalmar masoro ta rikiɗe ta koma kalmar da take nufin mutane. Abin lura a nan shi ne kalmar da ta fito kalma ce ta gaskiya a harshen Ingilishi, an kuma rubuta ta daidai, don haka manhajar kwamfuta mai duba rubutu ba ta da hanyar kama ta, sai dai idon mutum mai bin ma'ana. A wannan shekara dai aka janye bugun Ingila na wani ƙagaggen labari na marubucin Amurka Jonathan Franzen, kimanin kwafe dubu 80, bayan an gano cewa an buga shi ne daga tsohon kwafi wanda ba a shigar da gyare-gyaren ƙarshe ba. A duk waɗannan misalai ba yawan kuskure aka ƙirga ba. Abin da aka duba shi ne irin ɓarnar da ya yi wa ma'ana, da irin alkawarin da littafin ya ɗauka tsakaninsa da mai karatu.

Mu a ƙasar Hausa ba ma buƙatar zuwa nesa domin ganin rubutun da ba a yafe masa kuskure. Almajiri a tsangaya ba ya fara haddar abin da ya rubuta a allo sai malam ya duba ya gyara, kuma gardin da ya kai ga rubuta Alƙur'ani da ka, a kan ruwayar Warshu da aka saba da ita a wannan yanki, ya san cewa alarammomi za su bi rubutunsa harafi bayan harafi, wasali bayan wasali, kuma ɗigo guda da ya ɓace abin magana ne. A duniyar Musulmi baki ɗaya haka abin yake. Bugun Alƙur'ani na Alƙahira na shekarar 1924 ya fito ne daga aikin kwamitin malamai da aka ɗora wa nauyin samar da ingantaccen bugu saboda kurakuran da ake samu a kwafen da ake karantarwa da su a makarantu, kuma maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a Madina a shekarar 1984 ta gina sunanta ne a kan tsananin bita. Ko a littattafan ilimi da ake kwafa da hannu, malamanmu sun gaji al'adar muƙabala, inda bayan an gama kwafa sai mutum biyu su zauna, ɗaya yana karanta asali da ƙarfi ɗaya yana bin sabon kwafi, duk abin da ya faɗi a rubuta shi a gefen shafi a sa masa alamar cewa an inganta. Malaman hadisi sun ware wa kuskuren ɗigo da harafi suna na musamman, wato tas'hifi, suka kuma wallafa littattafai a kansa, saboda sun san ɗigo yana iya mayar da sunan wani mai ruwaya ya koma na wani. Duk da wannan tsanani ba su yi da'awar kamala ba. Ana ruwaito cewa Muzani, ɗalibin Imamu Shafi'i, ya karanta masa littafinsa sau da yawa kuma kowane karo sai sun tsinci abin gyara, har Imamu ya ce Allah bai yarda wani littafi ya inganta gaba ɗaya ba sai Littafinsa. Amma ya kamata a lura cewa an faɗi wannan magana ne bayan an yi ta bita har an gaji.

Wannan ya nuna cewa Bahaushe ya san bambanci tsakanin rubutun da aka tace da wanda ba a tace ba, kuma yana iya zama mai tsananin kishi a kan harafi idan ya ɗauki rubutun da daraja. To, me ya sa mutumin da ba zai yarda da ɗigo guda da ya kauce a allo ba yake iya karanta littafin Hausa mai kuskure a kowane sakin layi bai ce uffan ba?

Ba haka rubutun boko ya fara ba. A shekarun 1930, Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta ɗauki aikin edita da muhimmanci, kuma littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 sun bi ta hannun masu gyara kafin su isa maɗaba'a. A wannan zamani ne aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, a madadin ɗigo ko waƙafin sama da ake sa wa haruffan a da. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar samar da littattafai ta Jihar Arewa, wato NORLA, a shekarun 1950, da kamfanin ɗab'i na NNPC na Zariya da aka kafa a 1966, duk sun riƙe tsari guda na rubutu wanda yara suka taso suna gani a aji da kuma a gida. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako kan tsarin rubuta harsunan Afirka ta Yamma a 1966, an yi na Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Wanda ya ɗauki tsohon bugu na wancan zamani zai iya samun kuskure jefi-jefi, amma zai ji cewa akwai wanda ya zauna a kan kowane shafi.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne tattalin arziki. Daga tsakiyar shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na cikin gida irin na Jebba suka durƙushe, manyan kamfanonin ɗab'i kuma suka tattara ƙarfinsu a kan littattafan makaranta da suke da tabbacin sayarwa. Matasan marubuta, waɗanda da yawansu mata ne, suka ga ba su da ƙofa, sai suka buɗe tasu. Marubuci ya rubuta labarinsa da biro a littafin rubutu, ya kai shagon kwamfuta inda ake biyan mai bugawa gwargwadon yawan shafin da ya buga, daga nan a wuce wurin mai injin ɗab'i, sai kasuwa. A cikin wannan jeri babu edita, babu mai tace harshe, babu bugun gwaji da za a ba wani baƙon ido. Mai buga rubutun, wanda sau da yawa da Ingilishi ya koyi aikin kuma ba a taɓa koya masa ƙa'idojin rubutun Hausa ba, shi ne mutum na ƙarshe da ya taɓa kalmomin, kuma tsarin biyansa yana saka masa ne a kan sauri. Muhawarar da aka tafka a jaridu a shekarun 1990 kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, inda Abdalla Uba Adamu da wasu suka kare marubutan, ta fi karkata ga jigo da tarbiyya da darajar adabi, amma ingancin bugu yana cikin ƙorafe-ƙorafen da aka yi ta maimaitawa. Ni ina tare da waɗanda suke ganin cewa waɗannan marubuta sun yi wa harshen hidimar da ba za a manta ba, domin sun sa dubban mutane, musamman matan aure da 'yan mata, sun riƙi karatu a matsayin abin yi na yau da kullum a lokacin da babu wanda yake buga musu abin karantawa. Sai dai hidimar ta zo da wani gado, wato ƙarni guda na masu karatu waɗanda idonsu ya saba da rubutu marar ƙa'ida har ya daina yi musu kama da kuskure.

Kurakuran littattafan Hausa suna da kamanni nasu, kuma bai dace a haɗa su duka a ma'auni guda ba. Akwai zamewar yatsa, inda harafi ya faɗi ko biyu suka yi musayar wuri, kuma wannan shi ne irin wanda ake samu a kowane harshe, wanda kuma ya fi cancantar uzuri. Wanda ya fi shi yawa a wurinmu shi ne zubar da ƙugiya. Idan aka rubuta cewa an yi fada a fada, mai karatu ne zai zauna ya raba wanne ne rigima wanne ne gidan sarki, haka kuma kasa da ƙasa, ko kafa da ƙafa, ko baki da baƙi. Tun asali rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, wato mai karatu yana riga yana ɗauke da nauyin rarrabe kalmomi masu kama da juna ta hanyar muhallinsu, don haka cire ƙugiya ƙarin kaya ne a kan wanda ya riga ya yi lodi. Wani ɓangare na wannan matsala daga na'ura ya fito. Kafin tsarin haruffa na bai-ɗaya, wanda yake sa harafi ya fito iri ɗaya a kowace na'ura, ya yaɗu a kwamfutoci da wayoyi, an yi amfani da wasu zubin haruffa na musamman da suka ɗora ƙ a kan maɓallin q, ɗ a kan x, ɓ a kan v, ko kuma a kan alamomin baka, ta yadda idan aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da wannan zubi sai a ga qasa da xaya da vata, ko ma wasu alamomi a tsakiyar kalma. Littattafai da maƙalu da yawa sun fito da wannan tabo. Yau kuwa kusan kowace wayar hannu tana iya ɗaukar allon rubutu mai haruffan Hausa, don haka wannan uzuri ya ƙare.

Na ukun shi ne rabawa da haɗa kalmomi, kuma shi ne ya fi nuna cewa matsalar ta wuce zamewar hannu ta koma rashin sani. Akan yi kaza dabam yake da a kan tebur. Ya ba ta kuɗi dabam yake da ya bata kuɗi, wanda idan aka haɗa shi da zubar da ƙugiya mai karatu ba zai san ko bayarwa aka yi ko ɓarnatarwa ba. Mai zamewar hannu yakan yi kuskure sau ɗaya ya rubuta daidai sau ɗari, amma wanda bai san ƙa'ida ba zai maimaita abu guda daga farkon littafi har ƙarshensa, kuma mai duba rubutu da bai san ƙa'idar ba ba zai gyara masa komai ba ko da ya karanta sau goma.

A nan wajibi ne a yi adalci, domin akwai abubuwan da masu tsanani suke kira kuskure alhali ba kuskure ba ne. Marubucin da ya sa tauraron labarinsa ya yi magana da Sakkwatanci ko Katsinanci ko Hausar Damagaram da gangan ya yi, kuma mai gyaran da ya mayar da wannan magana zuwa daidaitacciyar Hausa ɓarna ya yi wa aikin. Haka nan wanda ya ga ƴ a littafin da aka buga a Nijar inda shi ya saba ganin 'y bai ga kuskure ba, tsarin ƙasar ya gani. Akwai kuma wuraren da masana kansu ba su gama daidaitawa ba, musamman wajen rubuta kalmomin aro da sunayen ƙasashe. Abin da ake nema a irin waɗannan wurare shi ne littafi ya zaɓi hanya guda ya tsaya a kanta, kada suna ɗaya ya fito da siga uku a babi ɗaya.

Hujjar da aka fi kawowa domin kare sakaci ita ce, ai an gane abin da ake nufi. Gaskiya ne babban mutum wanda Hausa ce harshensa na farko yakan gane, domin yana cike gurbi da abin da ya riga ya sani. Amma littafi ba nasa ba ne shi kaɗai. Yaron da yake koyon rubutu daga abin da idonsa yake gani yake koya, fiye da abin da malami ya faɗa masa a darasi guda, kuma wannan yaro zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO ko JAMB inda ƙa'idojin rubutu suke cikin abin da ake tambaya. Miliyoyin mutanen da Hausa take harshensu na biyu, da ɗaliban da suke koyon ta a jami'o'in waje, ba su da wannan ajiya ta cike gurbi, kuma idan suka nemi kalma marar ƙugiya a ƙamus za su faɗa kan wata ma'ana dabam. Sannan akwai abin da ya fi waɗannan zurfi. Ɗan bokon da zai ji kunya ƙwarai idan aka kama shi da kuskuren harafi guda a wasiƙar Ingilishi, shi ne zai rubuta shafi guda na Hausa yadda ya ga dama, idan aka yi masa magana ya ce ai Hausa ce. Wannan jimla ita ce ainihin ciwon. Haƙurin da yake nunawa ya samo asali ne daga ɗaukar da ya yi cewa rubutun harshensa bai kai matsayin da za a wahala a kansa ba, kuma ina ganin wannan raini ne, ko da mai yin sa bai lura ba.

Ko a tsakanin masu karatun da suka damu, haƙuri yana hawa yana sauka gwargwadon irin littafi. Labarin soyayya mai jan hankali yana iya ɗauke mai karatu ya wuce kurakurai da yawa saboda yana ɗokin sanin ƙarshe, kuma wanda ya sayi ɗan littafi mai araha ba ya sa ran abin da wanda ya sayi mai tsada yake sa rai. Amma akwai littattafan da ba su da wannan sassauci. A littafin fiƙihu, idan sumuni ya koma sudusi a babin gado, ko nisabin tumaki ya tashi daga 40 ya koma 4, an taɓa haƙƙin mutane. A littafin kiwon lafiya, sifiri guda da ya ƙaru a ma'aunin magani yana iya zama sanadin rai. A littafin lissafi na firamare, amsar da aka buga ba daidai ba takan sa yaron da ya yi aikinsa daidai ya daina yarda da kansa. A littafin tarihi, shekara guda da ta kauce takan yi ta yawo daga wannan kundin digiri zuwa wancan har ta zama kamar gaskiya. Lambobi sun fi kalmomi haɗari, domin kalmar da ta lalace takan tona kanta, amma 1904 da aka buga a matsayin 1940 lafiyayyar lamba ce a ido, babu abin da zai nuna wa mai karatu cewa ta kauce.

Komawar rubutu kan waya ta kawo abu biyu masu karo da juna. A gefe guda gyara ya zama abu mai sauƙi, domin littafin da ke kan intanet ana iya gyara shi a sake ɗora shi a rana ɗaya, ba kamar na takarda ba wanda sai an sake farantin bugu, abin da ya sa bugu na biyu da na uku sukan fito da kurakuran na farko ba tare da an taɓa su ba. A ɗaya gefen kuma, labaran da ake rubutawa a WhatsApp da Facebook da Wattpad ana sakin su ne babi-babi, masu karatu suna matsa wa marubuciya ta turo ci gaba, ita kuma tana bugawa da babban yatsa a allon da yake sauya mata kalmomin Hausa zuwa na Ingilishi ba da izininta ba. Ko ɗan tsaikon da ake samu a da tsakanin rubutun hannu da shagon kwamfuta, wanda yakan ba da damar sake karantawa, yanzu babu shi. Idan aka zo mayar da irin wannan labari littafi, sau da yawa kwashe shi ake yi yadda yake a zuba a shafi.

Ba na ganin maganin yana buƙatar dukiya mai yawa. Idan aka kwatanta ladan mai duba rubutu da kuɗin takarda da tawada da bango, ƙaramin kaso ne na abin da ake kashewa a kan bugu, kuma sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi suna yaye ɗalibai kowace shekara waɗanda suka karanci ƙa'idojin rubutu kuma da yawansu suna neman abin yi. Akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 wanda za a iya komawa gare shi idan an yi saɓani kan sigar kalma. Marubucin da ba shi da halin biyan kowa yana iya ajiye rubutunsa na makonni kafin ya sake dubawa, ya fitar da shi a takarda maimakon ya duba a allon waya, sannan ya nemi aboki su yi muƙabala irin ta malamai, ɗaya yana karantawa da ƙarfi ɗaya yana bi, a kuma ware zagaye na musamman domin lambobi da sunaye da ayoyi da take-take kaɗai. Kusan kowace gabatarwa ta littafin Hausa tana ɗauke da roƙon cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, duk wanda ya ga kuskure ya gyara. Roƙo ne mai kyau, amma yana buƙatar a sa adireshin da za a aiko da gyaran, a kuma nuna a bugu na gaba cewa an shigar da shi. Tsofaffin littattafan Larabci da aka buga a Masar da Beirut sukan zo da jadawali a ƙarshe mai nuna shafi da layi da kuskure da daidai, kuma babu abin da zai hana littafin makaranta ko na addini da aka buga a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya zo da irin wannan takarda guda idan an gano kuskure bayan an gama bugu. Haka kuma ya dace a riƙa rubuta sunan wanda ya tace littafi a shafin bayanan ɗab'i kusa da sunan maɗaba'a, domin mai saye ya san wanda ya duba, shi kuma mai dubawa ya san cewa za a neme shi idan aikin bai yi kyau ba.